Babban Rafi: dajin da maƙwabtansa ke tsoron shiga

Matafiyin da ya baro Katsina ya nufi Maraɗi, in ya wuce Jibiya ya tsallaka iyaka, garin farko mai nauyi da zai taras shi ne Ɗan Issa. Nan 'yan duwan ke tsayar da manyan motoci, nan ake canjin naira da sefa a bakin titi, nan 'yan kabu-kabu ke rububin fasinja. Yawancin masu wucewa ba su san garin da komai ba sai binciken takardu da zaman jira. Abin da ya rage a shiga Maraɗi bai wuce kilomita 40 ba, don haka hankalin kowa ya riga ya yi gaba. Da wuya a sami mai waiwayawa yamma, alhali can ne, bayan Gulbin Maraɗi, a ƙasar Gabi, daji mafi girma da ya saura a jihar yake kwance, wato Babban Rafi.

Wanda ya saba ganin kurmin kudu a talabijin, mai dogayen itatuwa da duhuwa, zai iya raina Babban Rafi a kallon farko. Daji ne na geza da sabara da ciriri da taramniya, gajeru masu cunkoso. Da rani mafi yawansu sukan kaɗe ganye su yi furu-furu, ruwan farko na sauka kuma su farfaɗo cikin 'yan kwanaki. A kwazazzabai da bakin rafuka ake samun manya irin su marke da kanya da tsamiya, da kirya wadda masassaƙa ke nema don turmi, maƙera kuma don gawayi. Faɗinsa ya haura hekta dubu 30, ya miƙe har iyakar Najeriya, inda dazuzzukan Katsina da Zamfara suka karɓa. Har cikin shekarun 1990 giwaye na ƙetarowa su yada zango a cikinsa, su kuma leƙa gonakin dawa su yi ta'adi. Yaron da ya tashi a yankin yau sai dai ya ji labarinsu a bakin kakansa.

Tsakanin Ɗan Issa da dajin ma akwai abin kallo. Tafkin Madarunfa na nan da masuntansa da tsuntsayen da ke sauka a cikinsa lokacin ɗari, ga ƙaramin gandun daji a gefensa, ga kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, waɗanda mutane ke zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin da gandun da kaburburan cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, a 2019 kuma tafkin ya shiga rajistar Ramsar ta muhimman dausayoyi. In aka matsa arewa kaɗan sai Jiratawa, inda noman rani ya mai da zogale sana'ar dubban mata. Daji da tafki da wurin ziyara da lambuna, duk cikin gunduma ɗaya, duk tafiyar wuni ɗaya ce ga mai babur. A wata ƙasar da tuni an kafa alluna a mararraba, an buga taswira, yaran lakwal suna zuwa da malamansu.

A nan kuwa ko mai sayar da itace yakan yi tunani biyu kafin ya kora amalankensa ciki. Tun wajen 2018 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane suka mai da dazuzzukan kan iyaka hanyarsu: su shigo da dare, su kora dabbobi, su ɗauki mai gida ko matarsa, su ɓace kafin gari ya waye. A 2019 dubun-dubatar 'yan gudun hijira suka kwararo jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Sojojin Nijar sun kafa rundunar da suka kira Farautar Bushiya don yankin, sun kuma ƙwato dabbobi da mutane ba sau ɗaya ba. Duk da haka ƙauyukan da ke bakin dajin, a ƙasar Gabi da Safo da Sarkin Yamma da Ɗan Issa, sun san cewa wanda ya yi nisa a cikinsa ya sayar da ransa.

Ba Madarunfa ce ta haifi wannan fitina ba, tushenta na ƙetaren iyaka, kuma ba dokar gandun daji ce za ta kawo ƙarshenta ba. Amma akwai abin da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba: kafin ɓarawo ya raba mutanen ƙauye da daji, hukuma ce ta fara raba su da shi, kuma ta daɗe tana yi. In tsaro ya dawo gobe, aka koma wa tsohon tsari, dajin zai ci gaba da ƙarewa, sai dai gatari ne zai gama da shi.

Tarihin ya fi haka tsawo. Bayan jihadi, da sarakunan Haɓe na Katsina suka kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19, jejin da ke tsakaninsu da Katsina ya zama hanyar mahara. Jama'a suka takure a garuruwa masu shinge cikin kwarin gulbi, daji ya yi ta bunƙasa don babu mai ƙarfin halin yin gona a cikinsa. Zuwan Turawa ya kashe yaƙin, mutane suka fantsama kan jigawa suna sassabe, noman gyaɗa ya ƙara musu ƙaimi. A 1935 Faransawa suka fitar da dokar daji ta yankunan da suke mulka a Afirka ta Yamma, wadda ta mai da duk ƙasar da suka ɗauka ba ta da mai ita mallakar gwamnati. Nijar mai 'yanci ta gaji wannan tunani. Dokar 1974 ta jera itatuwan da aka hana taɓawa, har da gawo, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Manomi ya gane abu ɗaya: icen da ya bari ya girma a gonarsa ba nasa ba ne, kuma ran da ya sassare reshensa, jami'in gandun daji na iya cin sa tara. To me zai sa ya bar shi? Kowace shekara kafin shuka sai ya share gona ƙal, ya tara tohon sabara da kalgo ya cinna musu wuta. Malaman gona ma a lokacin gona mai tsabta suke yabo.

Sakamakon ya bayyana a farin shekarun 1970 da na 1984, yunwar da mutanen Maraɗi suka laƙaba wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku, kafin ta kama. Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. Tun 1975 aka mai da 3 ga Agusta ranar dashen itace, a watan Mayun 1984 kuma shugaba Seyni Kountché ya tara ƙasa a Maraɗi don muhawara kan hamada. An kashe kuɗi wajen renon dashe, an dasa miliyoyi, mafi yawa suka mutu a ranin farko, awaki suka ƙarasa saura.

Abin da ya juya lamarin ya faro ne a 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya mai aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi, ya lura cewa 'yan kurmin da ke tsirowa a gonaki ba ciyawa ba ne. Toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba sai an yi dashe ba. A zaɓi toho mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, a sassabe sauran, a riƙa gyara su, cikin shekara uku ko huɗu sun zama itace. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, manoma suka bar itatuwa kusan rabin miliyan. Da abinci ya ƙare, kashi biyu cikin uku suka sha gatari. Sauran da suka tsira su suka yi wa'azi da kansu: masu su suka ga makamashi a ƙofar gida, ga ganye da 'ya'yan gawo don dabbobi, ga hatsi ya fi kyau a ƙarƙashin inuwar. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Manoma suka kira dabarar sassabin zamani.

Shekara ashirin bayan haka, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, suka kiyasta cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram sun sake tufafi, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 Rinaudo ya karɓi lambar Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. An sha ba da wannan labari a tarukan duniya, amma sau da yawa akan tsallake wurin da ya fi muhimmanci. Dabarar gyaran toho ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Abin da ya canja shi ne jami'an gandun daji sun sassauta, manomi ya tabbata icen nasa ne. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 sun zo ne suka taras da abin da manoma suka riga suka yi.

Shi ya sa baƙon da ya ratsa ƙauyukan Madarunfa da ido buɗe zai ga abin mamaki. Gonakin da ke da mai su sun fi na shekarun 1980 itatuwa. Dajin da ake cewa na kowa ne, shi ke ja da baya.

Ba a ce ba a gwada damƙa wa ƙauyuka dajin ba. A ƙarshen shekarun 1980, bayan gwajin da aka yi a dajin Gesselbodi kusa da Yamai, ƙungiyar CARE ta shigo Babban Rafi da shirin haɗa ƙauyukan kewaye su riƙa kula da dajin suna cin moriyarsa. A 1992 gwamnati ta kafa tsarin kasuwannin itace na karkara: ƙauye ya kafa kwamiti, a yanka masa yanki a daji, a ƙayyade abin da zai sara a shekara, a riƙa kewayawa daga wannan ɓangare zuwa wancan don wanda aka sare ya huta ya toho. Mai mota daga birni ya daina shiga da 'yan saransa, ya tsaya a kasuwar ƙauye ya saya, harajin kuma a raba tsakanin ƙauye da ƙaramar hukuma da baitulmali. Tunani ne mai kyau, har wasu ƙasashen Sahel sun ara. Rauninsa shi ne yana tafiya da numfashin masu ba da tallafi. Muddin shiri na nan da motocinsa da kuɗin taro, kwamiti na zama, ana bin ƙa'ida. Ran da shiri ya naɗe tabarmarsa, sai awo ya zama na baki, sara ya wuce iyaka, gonaki su riƙa cin gefen daji taki ɗaya-ɗaya. Mutumin ƙauye bai taɓa jin cewa haƙƙin nan gado ne da zai bar wa ɗansa ba. Aro ne aka ba shi, kuma ramin aro ba ya ɓoye mutum.

A nan ne misalin Ingila ke da amfani, ko da yake ruwanta da arzikinta ba irin na Sahel ba ne. Mai ziyartar New Forest a kudancin ƙasar, wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a ƙauyen Brockenhurst, abin da zai fara cin karo da shi dawakai ne da shanu suna yawo a titi, motoci na jiran su wuce. Ba na gwamnati ba ne, na mutanen ƙauyukan ne. Sarki William ne ya killace dajin wajen 1079 don farautarsa, da hukunci mai tsanani ga talakan da ya taɓa barewa. Amma a 1217 aka tilasta wa sarauta ta amince da wata takardar yarjejeniyar daji da ta mayar wa talakawa haƙƙin kiwo da ɗibar itace. Har yau wasu gidaje da filaye a New Forest na ɗauke da wannan haƙƙi: sakin dabbobi, samun itacen wuta, kai aladu su cinye 'ya'yan itacen oak da kaka don kada dawakai su ci su mutu. Haƙƙin yana manne da filin, duk wanda ya mallake shi ya samu. Akwai kotun dajin da ke zama a garin Lyndhurst, inda mai kiwo ke iya tashi ya kai kuka a bainar jama'a, akwai kuma ma'aikata masu kewaya dabbobi suna karɓar kuɗin shekara a kan kowane kai.

Shi kansa sassabin zamani mutanen Ingila sun daɗe da irin nasu. A dajin Bradfield da ke Suffolk, tun 1252 ake sare itatuwa daga gindi yanki-yanki, a bar su su toho, a dawo bayan shekaru a sake sara. Wasu kututturan sun yi ɗaruruwan shekaru. Kuma kada a ɗauka Ingila ba ta taɓa cinye dajinta ba. Bayan yaƙin duniya na farko abin da ya rage wa Birtaniya bai wuce kashi 5 cikin 100 na ƙasarta ba, shi ya sa ta kafa hukumar daji a 1919. Yau ya kai wajen kashi 13. Ko ɓarayin daji ma sun yi nasu, ai labarin Robin Hood a dajin Sherwood aka gina shi. Da gwamnatin Birtaniya ta yi niyyar sayar da dazuzzukanta a 2011, fiye da mutum rabin miliyan suka sa hannu a takardar ƙin yarda, ta janye cikin 'yan makonni. Waɗanda suka tashi tsaye ɗin su ne masu yawo a cikin dajin ranar hutu, masu shan shayi a ƙauyen da ke bakinsa, da masu kantunan da ke rayuwa da kuɗinsu. Mutum na kare wurin da ƙafarsa ta saba takawa.

Mai musu zai ce wannan zancen masu ƙoshi ne. Ba'ingile da iskar gas yake girki, a Nijar kuwa gida tara cikin goma da itace ko gawayi suke dafa tuwo. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maraɗi, birnin kaɗai ya haura dubu 260, kuma tun lokacin jama'a ta ƙaru sosai. Kowane murhu a birnin yana jan reshe daga wani wuri. Wannan gaskiya ne, kuma duk mai son Babban Rafi ya kamata ya damu da farashin tukunyar gas ɗin matatar Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, kamar yadda ya damu da gatari. Amma yawan jama'a bai hana gonakin Maraɗi komawa kore ba, a wuraren da suka fi cunkoso ma abin ya fi kankama. Talauci kuma shi ne dalilin da ya sa ya kamata dajin ya ciyar da mutanensa ta hanyar da za ta ɗore: ƙaro da zuma da ciyawa da magani da itacen da aka sara bisa ƙa'ida. Samarin da suka yi tururuwa zuwa ramukan zinariya a ƙasar Ɗan Issa a 2021, inda rami ya rufta da aƙalla mutum 18 a Garin Liman cikin watan Nuwamba, ba son kasada ne ya kai su ba.

Wani kuma zai ce tsoron 'yan bindiga ya ba dajin hutu, kamar yadda yaƙi ya tsare shi a ƙarni na 19. Wannan lissafin dokin rano ne. Inda kwamiti ba ya iya shiga ya duba, babu mai hana wuta, babu mai hana sara. Wanda aka kora daga ƙauyensa ya rasa shanunsa, itacen gefen daji ne jarinsa na farko. Kuma dajin da aka tsare da jinin mutane ba abin alfahari ba ne.

Akwai ɓangaren da ake yawan mantawa da shi in ana zancen ba ƙauyuka daji, wato makiyaya. Babban Rafi wurin kiwo ne tun kafin a zana iyaka, Fulani na sauka a cikinsa da damina lokacin da gonaki suka rufe ko'ina. Duk tsarin da ya ba manomi kujera ya bar makiyayi a tsaye, fitina yake shukawa. Jihar Maraɗi ta san kuɗin wannan: a Toda, cikin 1991, an kashe mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yaran Fulani. Dokar kiwo ta 2010 ta amince da 'yancin makiyayi na bin burtali da shiga makiyaya. Makiyayin da ke da suna a rajistar daji da murya a kwamitinsa, shi ne zai fara kawo labari in ya ga baƙuwar fuska. Wanda ake yi wa kallon ɓarawo tun kafin ya buɗe baki, shiru zai yi.

Aikin ba na Yamai kaɗai ba ne. Ƙananan hukumomi shida ne a gundumar, Madarunfa da Ɗan Issa da Gabi da Safo da Sarkin Yamma da Jiratawa, kuma babu abin da ya hana su zama da hakimai da ardo-ardo da jami'an gandun daji su rubuta haƙƙin kowane ƙauye da kowace ruga a takarda mai hatimi, wadda ba ta mutuwa da mutuwar shiri. Kuɗin harajin itace a riƙa karanta shi a gaban jama'a, a san nawa ya shigo, nawa ya koma wa daji. Ziyara kuma ba sai an jira Bature mai kyamara ba. Bakin tafkin Madarunfa da lambunan Jiratawa ana zuwa yau, malamin lakwal na iya kai ɗalibansa su koyi bambance geza da sabara, su ga yadda ake gyaran toho a gonar da ke bayan makarantarsu.

Lokaci kuma ba ya jira. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kuma ta wannan gunduma zai ratsa. Jirgin da zai iya kawo iyali daga Kano su wuni a bakin tafki, shi ne zai iya kwashe buhunan gawayin kirya zuwa kasuwar da ta ninka ta Maraɗi sau goma. Masu mulkin Madarunfa da sarakunanta su rubuta wa ƙauyuka da rugage haƙƙinsu a kan Babban Rafi kafin a gama shimfiɗa dogon.